Fangas ɗin da ba ya barbara, to ina yake samo sabbin makamai? Amsa kan cutar yaushin zaitun da sauran itatuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina karanta fannin cututtukan tsirrai, kuma akwai abin da ya ɗaure min kai game da Verticillium dahliae, fangas ɗin nan (dangin fumfuna) mai sa itatuwa irin su zaitun yaushi. An koya mana cewa ba ya haihuwa ta hanyar haɗuwar jinsi, kwafin kansa kawai yake yi. To idan duk kwafin juna ne, me ya sa wani samfurin ke kaɗe ganyen bishiya ya kashe ta, wani kuma iyakarsa ya galabaitar da ita? Sannan me ya hana a ɗauko ƙwayar gado guda mai juriya a sa wa itatuwan kamar yadda aka yi wa tumatir kowa ya huta?

Amsa: Wa alaikumussalam ɗan uwa. Tambayar nan taka ta yi, don ita ce dai ta riƙe masu bincike kan wannan fangas ɗin shekara da shekaru, sai da aka fara karanta kundin gadonsa harafi bayan harafi sannan aka kama bakin zaren. Kalmar nan ta "kwafi" ita ta ruɗe ka. Eh gaskiya ne ba a taɓa kama shi yana barbara ba, amma kwafin da yake yi ba irin na injin fotokwafi ba ne da shafi zai fito yadda ya shiga, ya fi kama da mai kwafar littafi da hannu wanda yawancin babuka yana kwafarsu tsaf ko wasali ba ya kuskurewa, amma akwai wasu 'yan babuka da kullum sai ya yage shafi, ko ya maimaita wani sau biyu, ko ma ya ciro wani daga littafin maƙwabci ya liƙa. Bambancin da kake gani tsakanin mai kashe bishiya da mai galabaitar da ita, kusan dukkansa a cikin waɗannan 'yan babukan yake.

Bari dai in fara da yadda yake kisan, don in ba a gane wannan ba maganar ƙwayoyin gado za ta zama a iska. Dangin fumfuna ne, a cikin ƙasa yake zama. Wani masanin tsirrai Bajamushe mai suna Klebahn ne ya raɗa masa suna a 1913 bayan ya same shi a jikin furen daliya, sunan ya bi shi har yau duk da cewa furen nan shi ne mafi ƙanƙantar ɓarnarsa. Yana kama tsirrai sama da iri 200, auduga, tumatir, dankalin turawa, latas, kuɓewa, a itatuwa kuma akwai zaitun, fistashiyo, almon, afirikot, ceri, fiya, har a mangwaro an same shi. Idan tsiron da ya kama ya mutu sai ya dunƙule zarensa ya yi wasu baƙaƙen dunƙule ƙanana da sai da madubin ƙara girma ake ganinsu sosai, baƙin nan kuma melanin ne, shi ke kare su daga rana da bushewa da sauran ƙwayoyin ƙasa. Dunƙulen nan za su iya kwanciya a ƙasa sama da shekara goma ba ci ba sha, sai ranar da saiwa ta zo wucewa kusa, ɗan ruwan da saiwar ke tsattsafarwa shi ke tashinsu daga barci. Daga nan zare ya fito ya huda saiwa ya nufi jijiyoyin da ke kai ruwa sama, wato zailem, da ya shiga sai ya riƙa sakin ƙananan ƙwayoyin iri ruwan bishiyar da kansa ya ɗauke su ya haura da su, in sun maƙale a mahaɗar bututu su tsiro su huda su sake sakin wasu. Bishiya kuma da ta ji baƙo sai ta fara toshe bututunta da danƙo da wasu kumbure-kumbure don ta tare shi. In ta riga shi to ta tsira, in ya riga ta sai ta yi ta toshewa a bayansa har ta hana kanta ruwa, kaga rabin kisan da hannunta take yi. Shi ya sa za ka ga reshe ɗaya ko gefe ɗaya ya bushe ɗaya gefen shar. Wani abu da ke yaudarar sababbin shiga, a afirikot in ka tsaga reshe za ka ga baƙi ƙarara a ciki, amma a zaitun sau da yawa za ka tsaga ka ga itacen fes babu wani tabo, alhali yana ciki.

To yanzu kundin. An fara fitar da jinom ɗinsa, wato cikakken kundin gadonsa, a 2011, na wani samfuri da aka ciro daga latas a Kalifoniya mai suna VdLs17, daga baya a 2015 aka harhaɗa na wani samfurin tumatir da ake kira JR2, kowane kuromosom, wato dogon zaren DNA mai ɗauke da ƙwayoyin gado, daga wannan baki har wancan baki. Kuromosom 8 gare shi, haruffan DNA tsakanin miliyan 34 zuwa 36 gwargwadon samfuri, ƙwayoyin gado kuma dubu goma da ɗoriya. In ka kwatanta da ɗan adam mai haruffa wajen biliyan 3 za ka ga ƙaramin littafi ne. Sannan kwafi ɗaya tal yake da shi na kowane kuromosom, ba biyu ba kamar mu da muke karɓar ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Riƙe wannan da kyau. A wajenmu in ƙwayar gado ta lalace akwai 'yar uwarta da za ta rufa mata asiri, shi kuwa ba mai rufa masa, duk abin da ya ɓace ko ya ƙaru nan take zai fito a halinsa, in ya amfane shi zuriyarsa ta yaɗu, in ya cuce shi ta mutu murus.

Maganar barbara ma akwai ɗan gyara a kan abin da aka koya muku. Irin waɗannan fangas ba namiji da mace gare su ba, nau'i biyu ne da ake kira MAT1-1 da MAT1-2, kuma dole sai an samu ɗaya daga nan ɗaya daga can. Verticillium dahliae yana da duka biyun, kuma ƙwayoyin gadon da aikin ke buƙata suna nan ba su ruɓe ba. Amma da aka tattaro samfura sama da dubu daga ƙasashe daban-daban aka duba, kusan kashi 99 cikin ɗari MAT1-2 ne, ɗayan sai an tona, to da wa za a haɗu? Binciken da wani masani mai suna Milgroom da abokan aikinsa suka fitar a 2014 ya nuna alamun cewa can baya an yi cuɗanya, wato zuriyoyin da muke gani yau daga barbara suka samo asali, sannan kowace ta kama gabanta tana kwafin kanta, noma da safarar iri suka ɗauki 'yan kaɗan daga cikinsu suka watsa duniya. Kenan kowane kwafin kakansa ne, amma kakannin ba ɗaya ba ne.

Tun kafin a samu injinan karanta DNA an san da waɗannan gidajen, kuma yadda ake gane su abu ne da nake so kowane ɗalibi ya yi da hannunsa ko sau ɗaya ne. Za ka shuka fangas ɗin a faranti mai sinadarin kuloret, wanda guba ne ga duk mai iya cin naitaret (wani sinadari da fangas ke ci a matsayin abinci), sai ka jira har wani ɓangare da ya rasa wannan iyawar ya ɓullo yana gudu a gefe. Ka ɗebi irin waɗannan nakasassun daga samfura biyu, da sharaɗin nakasar tasu ba wuri ɗaya take ba, ka ajiye su kusa da juna a farantin da ba abinci sai naitaret. Kowanne zai tsiro siriri kamar yanar gizo don yunwa. Inda suka haɗu a tsakiya, idan zarensu ya yarda ya haɗe to kowa zai cike giɓin ɗan uwansa, sai ka ga layi mai kauri fari tas ya taso, in ba su yarda da juna ba shiru kake ji. Masu yarda da juna su ne 'yan gida ɗaya, ana kiran gidajen VCG, akwai 1A, 1B, 2A, 2B, 4A, 4B, da wasu ƙanana irin su 3 da 6. Aiki ne mai cin rai, makonni kana leƙa faranti, wani lokaci ma wata fumfuna ta daban ta faɗa ciki ta ɓata maka komai a sake sabon lale. Da DNA ya zo ya tabbatar da yawancin rabon, sai dai ya nuna 2B ba gida ɗaya ba ne, tarkace ne na zuriya fiye da ɗaya da suka dace suna yarda da juna. Abin da ya shafe mu a nan, mai kaɗe ganyen nan da kake tambaya ɗan gidan 1A ne.

Ga inda gizo ke saƙar. In ka jera jinom na samfura biyu harafi da harafi, a babban ɓangaren kundin kamanninsu ya haura kashi 99 cikin ɗari, a nan kam kwafi ne ba gardama. Amma tawagar Bart Thomma a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan da suka kwatanta JR2 da VdLs17, a aikin da suka fitar 2013, sai suka ga kuromosom ɗin ba su jeru daidai ba, guntun da ke wannan kuromosom a samfuri ɗaya sai a tsince shi manne a wani kuromosom daban a ɗayan, kamar an kakkarya an sake ɗinkewa. A kusa da wuraren ɗinkin ne kuma ake yawan samun wasu yankuna da wani samfurin ke da su wani ba shi da su sam, jimillarsu ba ta wuce wajen kashi goma cikin ɗari na kundin ba. Yankunan nan cike suke da turansifozon, wato guntayen DNA masu tsalle daga wuri zuwa wuri suna barin kwafinsu a baya. Illar su ba tsallen kaɗai ba ne. Da yake kwafinsu iri ɗaya ne a wurare da yawa, idan DNA ya karye sel ya zo gyara yana neman inda ya yi kama da bakin karayar sai ya ruɗe ya haɗa da wurin da ba nan ba ne, daga nan a samu wani yanki ya ɓace, wani ya ninku, wani ya juye. Wannan shi ne madadin barbara a wajensa. Kuma abin da ya sa batun ya zama babba, a cikin waɗannan yankunan marasa natsuwa ne ya tara yawancin ƙwayoyin gadon da ba sa tashi aiki sai ya shiga jikin tsiro, masu ƙera ƙananan furotin da yake fesawa don ya kashe kaifin garkuwar mai masaukinsa. Kayan gida, irin su numfashi da gina bangon sel, suna can ɓangaren da ba a taɓawa, makamai kuma suna inda ake ta canje-canje. Ba wai dabara ya zauna ya yi ba fa, wanda karaya ta faɗa masa a kayan gida ya mutu ba mu gan shi ba, wanda ta faɗa masa a makamai shi ya rayu har muka same shi.

Misalin da ya fi kowanne fitowa fili shi ne na tumatir ɗin da ka ambata. A shekarun 1950 aka shigar da wata juriya da ake kira Ve cikin irin tumatir, daga baya aka gano ƙwayar gadon da ke aikin, Ve1, tana ƙera wani mai gadi ne a bakin sel da ke gane fangas ɗin ya buga ƙararrawa. Ba a daɗe ba aka fara samun samfuran da ke wuce mai gadin ba tare da ya gan su ba, aka kira na farko jinsi na 1 waɗannan kuma jinsi na 2. Shekaru ana neman abin da mai gadin ke gani, sai 2012 aka gano shi ta hanyar kwatanta jinom na jinsunan biyu, wani ɗan ƙaramin furotin ne aka sa masa suna Ave1, kuma yana zaune a ɗaya daga cikin yankunan nan marasa natsuwa. 'Yan jinsi na 2 ba gyara Ave1 suka yi ba, babu shi ne gaba ɗaya a jikinsu, mai gadi yana tsaye yana jiran mai jar hula shi kuwa ɓarawo ya shigo kai ba hula. Abin mamaki na biyu, da aka nemi dangin Ave1 a sauran halittu, mafi yawansu a tsirrai aka same su ba a fangas ba, 'yan fangas ɗin da ke da shi kuma ba dangin juna na kusa ba ne, wanda ke nuna aro aka yi daga tsirrai tun da daɗewa. Na uku, a 2020 aka nuna cewa Ave1 yana kashe wasu bakteriya da ke zaune a saiwa da cikin tsiro waɗanda ke takura wa fangas ɗin, wato share fage yake yi masa. Shi ya sa wanda ya rasa shi yakan ɗan rage ƙarfi, amma a gonar da aka shuka mai Ve1 gara ragin ƙarfi da a kama ka a ƙofa.

Yanzu mai kaɗe ganye. A Kalifoniya aka fara bayyana shi a shekarun 1960, a gonakin auduga, inda aka ga wani samfuri da ke zubar da ganyen auduga kaf maimakon ya bar shi ya yi yaushi a jikin kara. A farkon shekarun 1980 sai ga shi a kudancin Sifaniya, a gonakin audugar da ke fadamun ƙasan kogin Gwadalkibir a yankin Andalusiya, daga nan ya tsallaka zaitun, kuma ya zo daidai lokacin da ake ta faɗaɗa gonakin zaitun na ban ruwa, da yawa a filayen da aka taɓa noma auduga, ga kuma irin zaitun Picual da ya mamaye lardin Haen da kewaye wanda ba ya jure cutar ko kaɗan. Ita cutar ba sabuwa ba ce ga zaitun, tun 1946 aka rubuta ta a Italiya, amma da tsohon samfurin bishiya kan yi jinya ta farfaɗo, don kowace shekara tana yin sabon zoben itace ta bar mai cutar a ciki a kulle. Sabon baƙon shi ne bai cika ba ta wannan damar ba. Da aka bi sawun DNA na samfuran 1A daga nahiyoyi daban-daban, sai aka ga kusan abu ɗaya ne, zuriya guda ce ta bazu ba da daɗewa ba, alamu kuma na nuna daga Arewacin Amurka ta fito.

Me ke cikinsa da babu a sauran? Wata tawaga a ƙasar Sin ta ba da amsa mai ƙarfi a 2019. Akwai wani yanki da suka kira G-LSR2 wanda a masu kaɗe ganye kawai ake samunsa. Da suka goge ƙwayoyin gado bakwai da ke ciki sai fangas ɗin ya daina kaɗe ganye a auduga da zaitun da kuɓewa, da suka mayar da biyu daga ciki sai halin ya dawo. Aikin waɗannan ƙwayoyin yana da alaƙa da ƙera wani sinadari mai maiƙo da ake taƙaita sunansa NAE, wanda in ya yi yawa yake rikita saƙonnin cikin tsiro har ya saki ganyensa tun yana kore. Kuma haruffan yankin sun fi kama da na wani fangas daban, Fusarium oxysporum mai sa auduga yaushi, wanda su biyun ke haɗuwa a cikin jijiyar tsiro ɗaya. Wato shafin maƙwabci da na faɗa maka tun farko. In kana ganin kamar tatsuniya ce a ce fangas ya karɓi DNA daga wanda ba iyayensa ba, to a 2010 an nuna a ɗakin gwaji cewa in ka haɗa Fusarium mai cutar tumatir da wani ɗan uwansa marar cutarwa a faranti ɗaya, kuromosom sukutum, na 14, yana iya ƙaura daga wannan zuwa wancan, salihin ya wayi gari yana kashe tumatir. A cikin dangin Verticillium ɗin ma akwai V. longisporum wanda ruwa biyu ne, nau'i biyu ne suka haɗe ya riƙe kundin kowanne, ya koma yana kama dangin kabeji waɗanda dahliae bai cika damunsu ba.

Ka lura kuma kaɗe ganyen ba mugunta kawai ba ce, riba ce gare shi. Ganyen da ya faɗo kore yana ɗauke da fangas a jijiyarsa, yana ruɓewa a ƙasa dunƙule na fitowa, iska ta kwashi ganye zuwa gindin bishiya ta gaba, ruwan ban ruwa ya ɗauki wasu, tayar tarakta ta ɗauki wasu, har takin tumakin da suka yi kiwo a karan auduga mai cutar an samu yana kai shi gona. Ƙwayoyin gado 'yan kaɗan sun mayar da bishiya injin watsa shi.

Sai tambayarka ta biyu, me ya hana a sa wa itatuwa Ve1. In ka bi abin da ya gabata ka riga ka hango amsar. Masu kaɗe ganye galibinsu ba su da Ave1, kenan ko ka yi wahalar sa wa zaitun wannan mai gadin, babban maƙiyin da kake tsoro shi ne ainihin wanda ba zai gani ba. Ko da a ce ka samo wani mai gadin da ke gane wani furotin daban, tambayar farko ita ce a ina furotin ɗin yake zaune, in a yankin nan ne mai yawan karaya to ka sani akwai samfurin da ya riga ya yar da shi yana jiran ka share masa abokan takara. A tumatir abin da sauƙi, in juriya ta karye bana za a iya canza iri nan da 'yan shekaru, amma bishiyar zaitun shuka ce ta gomman shekaru har ɗaruruwa, ba za ka tumɓuke gona duk lokacin da fangas ya yar da shafi ɗaya ba. Ni a ganina ma alheri ne da ba a samu irin wannan gajeriyar hanya a zaitun ba, da an ruga an cika gonaki da iri ɗaya an dawo ana da na sani.

Juriyar da ake da ita a zaitun ta wani salo ce daban. Iri irin su Frantoio da Empeltre da Changlot Real ba wai fangas ɗin ba ya shigarsu ba ne, yana shiga, amma suna saurin toshe masa hanya tun a saiwa da gindi, yawansa a cikin itacen ya kasa hauhawa, kuma wannan hali ba ƙwayar gado ɗaya ke riƙe da shi ba, da yawa ne kowace da ɗan nata ƙoƙarin. Irin wannan ba ta karyewa dare ɗaya don babu abu guda da fangas zai yar ya tsere, amma kuma wahalar tarawa gare ta, ka haɗa Frantoio da wani iri mai yawan mai, 'ya'yan su fito kowa da rabonsa, ka jira shekaru kafin su fara fure ka ga amfaninsu, ka kuma gwada su a ƙasa mai cutar wasu shekarun. A Kordoba, inda akwai babban rumbun ire-iren zaitun na duniya, aikin da ake ta yi kenan. Kuma dole gwajin ya zama da mai kaɗe ganye, don akwai ire-iren da ke tsayawa da ƙafarsu gaban tsohon samfurin amma su zube gaban 1A.

Inda aka ci nasara sosai shi ne fistashiyo a Kalifoniya, kuma ta hanyar aure aka ci ta, wato ɗora reshen wani iri a kan gindin wani. An dasa gonaki da yawa a kwarin San Joaquin a tsofaffin filayen auduga, a kan gindin Pistacia atlantica wanda cutar ke ci, bishiyoyi suka yi ta mutuwa. Da aka koma aura su a kan gindin Pistacia integerrima, daga baya kuma UCB-1 wanda ruwa biyu ne na waɗannan biyun, sai matsalar ta lafa ƙwarai. Hikimar a fili take, ta saiwa yake shiga, to a sa mai juriya a ƙofa. An gwada haka a zaitun, Picual a kan gindin Frantoio da makamantansa, yana jinkirta cutar amma a ƙasar da dunƙule suka yi yawa sosai daga ƙarshe tana haurawa. Maganin feshi kuwa kar ma ka ɓata lokaci a kansa, abin da ke cikin jijiyar itace da kuma dunƙule a zurfin ƙasa feshi ba ya kai musu, shi ya sa ƙarfin yaƙin duk yana kan kafin dashe ne, tarihin filin, gwajin ƙasa, dashe mai tsabta, rufe ƙasa da leda rana ta gasa ta. Wani abu da ake sa wa ido yanzu, a 2016 an gano auduga na tura wasu ƙananan RNA nata (RNA ɗan uwan DNA ne) cikin fangas ɗin su kashe masa wasu ƙwayoyin gado, to in za a kwaikwayi wannan sai a auna kayan gidan da ba zai iya yarwa ba maimakon makaman da yake canzawa.

Tunda ɗalibi ne kai kuma wataƙila ka tsinci kanka da samfura a hannu, ga abin da zan ce maka. Rahoton da ya tsaya a "an samu Verticillium dahliae" bai gama aiki ba, don sunan ya haɗa mai sa jinya da mai kisa. Ka fara tsarkake samfurinka daga ƙwayar iri guda, saboda bishiya ɗaya na iya ɗaukar samfuri biyu a lokaci guda kuma in ka kwaso su a cakuɗe sakamakonka zai yi ta yi maka wasa da hankali. Sannan ka yi PCR, wato gwajin da ke gano ko wani guntun DNA yana cikin samfuri, akwai alamomin da ke raba mai kaɗe ganye da wanda ba ya kaɗewa, akwai na Ave1, akwai na MAT, kuma ana iya yin na farkon kai tsaye daga itace ko saiwar dashen da ko alamar ciwo bai nuna ba, wanda ta nan ne cutar ta fi shiga sabuwar gona. Amma kar ka yarda da alamar PCR ita kaɗai, ka shuka auduga ko ƙaramin zaitun a tukunya ka sa masa ka gani da idonka ko ganyen zai zuba, don alama tana zaune ne kusa da halin, ba lallai ita ce halin ba, kuma a kundin da ke karyewa yana ɗinkewa maƙwabta na iya rabuwa. In kuma har ka kai ga karanta jinom, ka nemi injin da ke karanta dogayen zare. Masu karanta gajeru suna yin kyau a ɓangaren kayan gida, amma da sun iso yankunan nan masu maimaici sai manhajar harhaɗawa ta rasa wane guntu ne na ina, ta yayyanka su ko ta watsar, ka ƙare da kundi mai kyan gani wanda babukan da ka zo nema ne kaɗai babu a ciki.